Mighty Jets: Ƙungiyar da ta fara ɗauko wa Jos kofin lig

(An rubuto wannan lacca ne daga faifan murya na wani zama da aka yi da matasan 'yan ƙwallo a Jos. An rage gaishe-gaishen farko.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke zaune a gaba, a gafarce ni, da yawanku kun ga abin da zan faɗa da idonku. Da waɗancan samarin na baya nake magana, masu rigunan Chelsea da Barcelona.

Idan na tambaye ku wace ƙungiya ce ta fara cin gasar lig ta Nijeriya, wasu za su ce Rangers, wasu su ce Pillars. To, ba ɗaya daga ciki. Da aka fara gasar ta ƙasa baki ɗaya a 1972, Mighty Jets ta nan Jos ce ta ɗauki kofin, kuma ita ta wakilci ƙasar a gasar zakarun Afirka a shekarar da ta biyo baya.

Ba daga sama abin ya faɗo ba. Kuza ce ta tara mutanen garin nan. Bahaushe ya zo, Ibo ya zo, Bayarabe da Urhobo sun zo, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, ga kuma Turawan kamfanonin haƙar ma'adinai da filayen wasansu. Yaran waɗannan mutane a layi ɗaya suka tashi, Hausa suke yi da juna a fili ko da wane yare ake yi a gida. Ku dubi sunayen 'yan wasan Jets kawai: Sam Garba Okoye, Isma'ila Mabo, Baba Otu Mohammed, Layiwola Olagbemiro, da 'yan gidan Atuegbu, 'yan'uwan juna a cikin ƙungiya ɗaya. Sunan Sam Garba Okoye shi kaɗai ya ishe ka sanin irin garin da Jos take a lokacin.

Wanda ya tattara su ya sa musu riga ɗaya shi ne Alhaji Isyaku Ibrahim, ɗan kasuwa, wanda daga baya ya yi suna a siyasar jam'iyyar NPN. Da kuɗin aljihunsa ya riƙe ƙungiyar. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu ga abin da ke sa dattawan nan girgiza kai: Kofin Ƙalubale, wato Challenge Cup, gasar ƙasa da ake cire duk ƙungiyar da aka doke. Tun 1951 ƙungiyoyin Jos suke zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, har mutane suka fara cewa asiri aka yi wa garin. Ni ban yarda da zancen asiri ba, amma na fahimci wanda ya yarda. A 1972 ɗin nan da suka ci lig, Jets ta haɗu da Bendel Insurance a wasan ƙarshe a Legas. Bendel na gaba da ci biyu da nema, wasa ya kusa tashi, sai Sam Garba ya zura biyu a mintunan ƙarshe. Aka yi ta cece-kuce kan alƙalancin wasan, aka sake bugawa a Ibadan, Bendel ta ci uku da biyu. A 1974 'yan Jets suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta doke su biyu da nema. Sai a 1999 kofin ya hau tudun nan, kuma Plateau United ce ta kawo shi. Sam Garba bai ga ranar ba, ya rasu a haɗarin mota a 1978. Isma'ila Mabo kuwa, a matsayin koci, a wannan shekara ta 1999 ya kai 'yan matan Super Falcons wasan kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya a Amurka. Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2023.

To me ya faru da Jets? Abin da ya faru da kusan duk ƙungiyar da mutum ɗaya ya ɗauka a kansa. A zamanin farko ɗan wasa yana da aikinsa na ofis ko kamfani, ƙwallo ƙari ce. Da tafiya ta yi tafiya aka shiga batun albashi, da kuɗin sa hannu, da otal, da man motar zuwa Fatakwal da Kalaba. A 1990 aka mayar da lig ta ƙwararru a hukumance, alhali naira ta riga ta faɗi, kasuwar kuza ma ta mutu. Kuɗin ƙofa ba ya biyan ko alawus. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abiola Babes da Leventis United, masu kuɗin da suka fi na kowa, sun watse tun ƙarshen shekarun 1980. Raccah Rovers ta Kano da ta ci lig a 1978, wa ke jin ɗuriyarta? Jets dai ba ta mutu ba, amma ta sauka ƙananan rukunai ta daɗe a can.

Gwamnatocin jihohi ne suka cike gurbin. Plateau United, wadda ta fara da sunan JIB Strikers a 1975, ta ci lig a 2017 ƙarƙashin koci Kennedy Boboye, shekara 45 bayan Jets. Mun yi murna, kowa ya fito titi. Amma ƙungiyar gwamnati tana cin abinci ne gwargwadon sha'awar gwamnan da ke kan kujera, kuma wanda bai sa sisinsa ba, ba ya tambayar yadda aka kashe. Giwa FC ta nan Jos ta gwada hanyar mutum ɗaya, ta yi tashe na ɗan lokaci, a 2016 aka cire ta daga gasar.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa a taro. Tun rikicin 2001 unguwanni suka rabu. Yaron Unguwar Rogo da yaron Tudun Wada ba sa haɗuwa a fili kamar yadda kakanninsu suka yi. Ƙungiya irin Jets ta 1972 daga wannan cuɗanya aka tsamo ta.

Duk da haka garin bai daina haifar 'yan ƙwallo ba. Mikel Obi a nan ya tashi, ya bi ta Plateau United. Ahmed Musa ya buga wa JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, kafin ya tafi Pillars. Abin tambaya shi ne, me ke dawowa gida idan sun tafi? Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tun yana shekara 12 har zuwa 23. Haƙƙi ne, ba roƙo ba. Sai dai ba a biya sai da takarda: rajistar yaron a hukumar ƙwallo ta jiha, da shekarun da ya yi a hannunka, da sunan ƙungiyarka a rubuce. Kocin unguwa da ya yi shekara shida yana saya wa yaro takalmi da kuɗin cefanensa, idan bai yi masa rajista ba, wani mai akadami a Legas ne zai karɓi kuɗin. Masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa da ke nan, ku tsaya bayan an tashi, mu duba yadda ake cike takardun.