Jirgin gida mai inji: abin da za a duba kafin a miƙa kuɗi

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Ni ne Nasiru, tare da ni akwai Yaya Rabi da Baba Ɗanladi kamar kullum. Yau maganar ruwa za mu yi. Mutum ya tara ɗan abin da ya tara, yana son ya sayi ƙaramin jirgi mai inji na gidansa, ba na haya ba. Na kai yara makaranta a tsallake, na zuwa gona a gungu, na kai mara lafiya asibiti. Baba, da me zai fara?

Baba Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Zai fara da tambayar kansa, wane ruwa zan bi? Domin ruwan Yauri daban, ruwan fadamar Haɗeja da Nguru daban, tafkin Chadi daban. Mu nan Yauri kogin Neja muke bi, kuma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 kogin ya zama tafki daga can ƙasa har ya taɓo mu. Faɗinsa a wasu wuraren sai ka rasa ganin tsallake. Idan iska ta taso da yamma, igiyar ruwa takan yi tsayin da ƙaramin kwale-kwale ba zai iya da ita ba.

Rabi: Kuma Baba, a faɗa wa waɗanda ba 'yan nan ba abin da ke ƙarƙashin ruwan.

Baba Ɗanladi: Daji ne a ƙarƙashi, 'yata. Lokacin da ruwa ya cika, garuruwa ya ci, har da tsohuwar Busa, aka tashi mutane sama da dubu 40 aka sake musu matsuguni. Itatuwan da ke wurin ba duka aka sare ba. Kututtukansu suna nan har yau. Da ruwa ya cika ba ka ganinsu, da ya fara ja baya sai su tsaya ɗan taki ɗaya ƙasa da fuskar ruwa. Jirgi na gudu ya hau kan ɗaya, katako ya tsage, shi ke nan.

Nasiru: To ke nan katako ko fiba? Ni da na ga jiragen fiba a Legas sai na ɗauka su ne ƙarshen magana.

Baba Ɗanladi: Fiba yana da kyau, ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, saboda haka ƙaramin inji ma yana tura shi. Amma in ya fashe a ƙauye wa zai liƙe maka? Sai an nemo sinadarin, sai an nemo wanda ya iya. Na katako kuwa, kowane bakin ruwa akwai kafinta mai ƙusa da kwalta. Ni dai in mutum a ƙauye yake zaune, katako nake ce masa. Amma ya tsaya a kan mai sassaƙar. Ya ga itacen da idonsa kafin a buga. Maɗaci ko loko, busasshe. In aka yi maka da ɗanyen katako, rana tana bugunsa zai ja jikinsa, haɗin ya buɗe, ka koma kullum kana kwarfe ruwa.

Rabi: Ina so in tsaya a nan, domin akwai abin da mata suke gani wanda maza ba su cika lura ba. Tsayin gefen jirgin. Namiji zai duba tsawo, ya duba inji. Mace mai goyo kuwa abin da za ta duba shi ne, in na zauna da yaro a cinya, nawa ne tsakanin gefen jirgin da ruwa? Na sha ganin jirgi ya tashi daga bakin ruwa, in ka ɗora hannunka a gefensa yatsunka suna taɓa ruwa. Yaro ɗaya ya miƙe tsaye, ruwa ya shigo.

Baba Ɗanladi: Gaskiyarki. Shi ya sa nake cewa ranar da aka kawo sabon jirgi, a loda masa iya mutanen da aka yi shi dominsu, a tsaye a bakin ruwa, a ga inda ruwa ya kai. Sai a ɗauko fenti ja a ja layi a wurin, daga kai har gindi. Daga ranar, in ruwa ya rufe layin nan, ba a tashi.

Nasiru: Za mu dawo kan wannan layin. Bari mu yi maganar inji, don na san can kuɗin yake.

Baba Ɗanladi: Can yake kam. Sabon inji yakan fi jirgin katakon tsada nesa ba kusa ba, kuma farashinsa dala yake bi, yau ka tambaya gobe ya canza. A ruwanmu Yamaha ce ta yi yawa, musamman samfurin Enduro, mai ƙarfin doki 15 da 25 da 40. Akwai Suzuki, akwai Tohatsu, akwai 'yan China irin su Parsun masu sauƙin kuɗi. Abin da ya sa mutane suke manne wa Yamaha, kayan gyaranta ne. Farfela, wato fankar da ke tura jirgi a cikin ruwa, fulogi, kafireta, duk kasuwar bakin ruwa za ka samu, kuma kowane makanike ya san cikinta.

Nasiru: Ni da zan saya, 40 zan ɗauka. A yi ta ta ƙare.

Baba Ɗanladi: A'a Nasiru, ga inda mutane da yawa suke shiga wahala. Mai doki 40 in ka buɗe masa wuta duka, yana shan kusan lita 20 a awa ɗaya. Mai doki 15 kuwa bai kai rabin haka ba, lita 7 zuwa 8. Ka lissafa da kuɗin fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Sannan nauyi. Mai 15 kilo 40 ne ko ƙasa kaɗan, saurayi ɗaya zai ciro shi da yamma ya saɓa a kafaɗa ya kai ɗaki. Mai 40 ya haura kilo 70, sai mutum biyu. Inji kuwa ba a barinsa ya kwana a bakin ruwa, ɓarayi sun san darajarsa fiye da kai. Jirgin da zai ɗauki mutum shida zuwa takwas na gida, 15 ta ishe shi.

Rabi: Kuma babban inji yana sa yaro gudu. In ka ba saurayi ɗan shekara 18 inji mai ƙarfi, zai gwada shi, ko ka hana.

Baba Ɗanladi: Zai gwada mana. Wani abin kuma da ake mantawa, ƙafar inji. Akwai gajeriya akwai doguwa, ta gindin jirgi mai inci 15 da ta mai inci 20. Ka auna katakon bayan jirginka kafin ka je shago. In ƙafar ta yi gajarta farfela za ta riƙa kaɗa iska, injin ya yi ta ihu jirgi ba ya tafiya. In ta yi tsawo kuma, ita za ta fara gaisawa da kututture da yashi.

Nasiru: To na hannu fa, Baba? Yawancin masu sauraronmu ba za su iya sabo ba.

Baba Ɗanladi: Na hannu ba laifi ba ne, in an duba. Kada ka yarda a tayar maka da shi a tudu. A sa ƙafarsa cikin durom ɗin ruwa, ko a ɗaura shi a jirgi a fita. Ka zo da sassafe, injin yana da sanyi, domin mai sayarwa in ya riga ya ɗumama shi kafin ka iso, ja ɗaya zai tashi, ba ka san halinsa ba. Da ya tashi, ka dubi bayansa. Akwai ɗan rami da ruwa yake tsartowa, mu muna ce masa fitsarin inji. In yana fita da ƙarfi, siriri, ba yankewa, famfon sanyaya shi lafiya lau. In yana ɗiga ko ya tsaya, robar famfon ta cinye, ko yashi ya toshe hanya, kuma mai yiwuwa an daɗe ana tuƙa shi da zafi. Sannan ka sa a kwance ɗan kusoshin man giya na ƙasa, a ɗiga maka a tafin hannu. In ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa yana shiga giyar.

Rabi: Takarda fa?

Baba Ɗanladi: Wajibi. Lambar da ke jikin injin ta dace da ta rasit, a yi ciniki gaban shaidu, in da hali gaban Sarkin Ruwa na wurin ko shugaban masu jirage. Injinan sata suna yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan. In ka ga an kankare lamba, ka tashi ka bar wurin, komai arharsa.

Nasiru: Akwai maganar haɗa mai da nake ji ana yi. Me ke nan?

Baba Ɗanladi: Irin waɗannan injinan ba su da wurin zuba baƙin mai daban, cikin fetur ake haɗa musu man 2T. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, kashi 1 cikin 50, wato rabin litar mai a lita 25 ta fetur. Sabon inji a awanni 10 na farko ana ninka man, kuma ba a buɗe masa wuta duka. Kowa ya duba littafin injinsa. Abin da ke kashe injina a nan abu biyu ne: a zuba baƙin man mota maimakon 2T don ya fi arha, da fetur ɗin bumburutu mai ruwa ko datti. Ka sayi mazurari mai rariya, ka tace duk litar da za ta shiga tanki. Kuma ka raba manka uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na abin da Allah bai nuna maka ba. Filafili biyu da gwangwala kada su bar cikin jirgi ko da injin jiya aka ciro shi daga kwali.

Rabi: Baba, ni yanzu zan koma kan jan layin nan, domin shi ne ya hana ni barci tun da muka tsara shirin yau. A watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da mutane sama da 150 da kaya a ciki. Kaɗan ne suka fita. Mu da muke yankin nan mun ga zaman makoki gida bayan gida. A watan Yunin 2023, a Pategi ta jihar Kwara, sama da mutum 100 ne suka rasu suna dawowa daga ɗaurin aure da dare. A Oktoban 2024 kuma aka sake yi a Gbajibo, wajen Mokwa, a lokacin bikin Mauludi, su ma da dare, yawancinsu mata da yara.

Nasiru: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Amma Yaya, waɗannan manyan jiragen haya ne. Mu na gida muke magana.

Rabi: Na gidan ya fi ba ni tsoro, Nasiru. Direban haya yana iya ce wa baƙo jirgi ya cika. Kai da jirgin gida, wa za ka ce wa? Ranar biki ce, gwaggonka ta zo da buhun shinkafa da jikoki uku, surukinka yana tsaye da babur ɗinsa, rana tana faɗuwa. Duk wanda ka bari a gaɓa, gobe za a ce ka yi jirgi ka ɗaga kai. Kunya ce take loda jirgin gida. Saboda haka kafin a sayi jirgin, maigida ya tara iyali ya faɗa da bakinsa: mutum kaza, ba a wuce layi, ba a tashi bayan magariba, kuma wanda yake riƙe da inji shi ke da magana ko da shi ne ƙarami a gidan. In babba ya faɗa tun farko, yaron da yake tuƙi ya sami abin jingina. Zai ce ba ni na ce ba, Baba ne ya ce.

Baba Ɗanladi: Wallahi haka ne. Kuma sawu biyu ba abin kunya ba ne. Ka kai rabi, ka dawo ka ɗauki rabi.

Rabi: Sannan rigar ruwa, wadda take hana mutum nutsewa. Ni a wurina kuɗinta yana cikin kuɗin jirgin. In abin da kake da shi zai sayi inji mai doki 25 ba riguna, ka sayi mai 15 da riguna. Kuma a nemi na yara daban, domin in ka sa wa ɗan shekara biyar ta babba, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa ta fita. Wadda take da igiyar da ake zagayowa tsakanin cinyoyi, ita ake nema. Mutanenmu sukan ce mu 'ya'yan ruwa ne, mun iya iyo. Uwa mai goyo a baya da yaro a hannu, iyo nawa za ta yi a tsakiyar Kainji?

Nasiru: Hukuma tana da doka a kan wannan, ko?

Baba Ɗanladi: Tana da ita. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, hedikwatarta a Lokoja, tana da ofishi a nan Yauri. Dokarta ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta wajabta rigar ruwa, kuma ana yi wa jirgi rajista. Ka je ka yi, ka riƙe takardarka. Amma ma'aikatansu ba za su tsaya a kowace mashiga ba, gaɓar tana da tsawo.

Nasiru: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Wane lokaci ne ya fi dacewa sabon mai jirgi ya koyi tuƙi?

Baba Ɗanladi: Kogin Neja yana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka da ƙarfi, yana tafe da itace da kainuwa da tarin burgu masu naɗe farfela. Akwai baƙin ruwa, wanda yake isowa da hunturu daga can Gini da Mali, ya tace, ya kwanta. Da baƙin ruwa ake koyo, da hantsi, bayan hazo ya ɗaga. Kuma kada ya koya shi kaɗai. Ya ɗauki tsohon masunci, cikin Sarkawa ko Gungawa, ya biya shi ladansa, ya nuna masa inda kututtuka suke da inda dorina take kwana da 'ya'yanta. Akwai kuma ɗan jan igiya da yake zuwa da inji, wanda ake ɗaurawa a wuyan hannu, in direba ya faɗi injin ya mutu nan take. Da yawa suna cire shi su jefar. Ya ɗaura nasa.

Rabi: Masu sauraro, wanda yake da tambaya kan gyaran jirgin katako, kwalta da fenti da lokacin da ake ciro shi a kife, ya turo mana saƙon murya. Baba ya yi alkawarin zai amsa su a shiri na gaba.

Baba Ɗanladi: In Allah ya kai mu.

Nasiru: Mun gode Baba, mun gode Yaya Rabi. Sai mako mai zuwa, wassalamu alaikum.