Mai Wurno: Yadda Matafiya Suka Zama 'Yan Gari a Bakin Kogin Nilu

Assalamu alaikum masu kallo. Kafin yaƙin da ya ɗaiɗaita Sudan, idan ka bi titunan Khartum da yamma, ƙamshin nama a kan gawayi ne zai tare ka, an yanka shi fale-fale, an barbaɗe shi da garin gyaɗa da yaji. Ka tambayi mai sayarwa sunan abin, zai ce maka "agashe". Balaraben Sudan ma haka yake kiransa. Kalmar tamu ce, daga gashi. To yaya aka yi tsirenmu ya je har bakin Nilu da sunansa?

Da ƙafa ya je. Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar aikin hajji daga Kano ko Katsina ko Damagaram sai ya raba abin da zai raba, ya nemi gafarar 'yan uwa, ya fuskanci gabas. A ratsa Barno, a ƙetare ƙasar Chadi ta Abeche, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, a kai Ubayyid, daga nan sai bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko Port Sudan, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri ya ƙare, sai a yada zango a yi noma damina ɗaya ko biyu, a tara na gaba. A nan wani zai yi aure, a haifa masa ɗa, matar ta sake samun ciki. Yana nan yana cewa baɗi zai wuce, har furfura ta cim masa. Akwai tsofaffin da suka mutu a Sudan suna kiran kansu alhazai a kan hanya.

Babban ayari kuwa a 1903 ya tashi. A watan Fabrairu Turawan Ingila suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya kira hijira zuwa gabas. Jama'a suka bar gonaki da rumbuna suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. Dama akwai tsohuwar magana tun zamanin Shehu cewa wata rana jama'arsa za su yi ƙaura zuwa wajen Nilu, don haka mutane suka ga lokacin ne ya yi. Turawa suka bi sawunsu har Burmi, a cikin jihar Gombe ta yau. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka gwabza a can, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a ya ci gaba. Bayan shekaru kan hanya suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, suka kafa gari. Sunan garin Mai Wurno har gobe, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar. Abin tausayin, sun tarar Ingilishin da suka guje wa a gida su ne ke mulki a Sudan ɗin ma.

Su kuwa Turawan sun ga riba a zuwansu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe katafariyar gonar auduga ta Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Auduga tana son hannu: shuka, cire ciyawa, tsinka. Mutanenmu, Hausawa da Fulani da Barebari, suka zama ƙashin bayan wannan aiki. Sai dai mafi yawansu 'yan ƙwadago ne a gonar wani, suna zaune a bukkoki a gefen magudanan ruwa, unguwannin da ake kira kambo. Daga baya suka bazu Gadarif wajen noman dawa da riɗi, suka shiga Kasala da Damazin, wasu suka shiga kamun kifi a kogi. Duk a dunƙule ake ce musu Fallata, ko Takari, wato kalmar nan da muke ji a bakin masu zuwa Makka.

Inda gizo yake saƙar shi ne takarda. Sudan ta samu 'yanci a 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuma ta ce sai wanda kakanninsa suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Ku duba lissafin. Ayarin Burmi ya makara da 'yan shekaru kawai. Mutum an haife shi a Sinnar, an haifi ubansa a Sinnar, Larabci ne a bakinsa a kasuwa, amma in ya je neman shaidar ɗan ƙasa sai a ce ya kawo hujja. An sassauta dokar daga baya, da yawa sun samu takardunsu, sun yi karatu, sun shiga soja da aikin gwamnati. Amma kallon baƙo bai gushe ba, kuma wannan yana ci mini rai, domin gumin waɗannan mutane yana cikin kowane damin audugar da Sudan ta sayar.

A ƙauyukan Sudan, ƙasa ta ƙabila ce, wadda ba ta da sarauta a wuri ba ta da ta cewa a kan fili. A 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su tasu masarautar, wasu ƙabilun yankin, ciki har da Barta, suka ce ba za ta saɓu ba. A watan Yuli rikici ya ɓarke, aka rasa sama da mutum 100, aka ƙona gidaje da shaguna. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da Port Sudan. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, kimanin mutum 200 suka mutu daga ɓangarorin biyu, dubbai suka bar gidajensu.

Ba a gama jinyar wannan ba, ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, wata runduna ta daban mai ɗauke da makamai. Kun tuna yadda aka kwaso ɗalibanmu, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Port Sudan, iyaye suna jira a filin jirgin Abuja. Jikokin ayarin Burmi ba su cikin waɗannan jirage. Fasfonsu na Sudan ne, ga wanda yake da shi. Da faɗan ya kai jihar Sinnar a 2024, sai suka ɗaure kaya a ka kamar sauran maƙwabtansu, suka nufi Gadarif da Kasala, wato gabas, kan hanyar da kakanninsu ba su ƙarasa ba.