Idan Gwamnati Ta Zuba Kuɗi a Asusun Jari, Wa Ke Riƙe da Akala?

Jama'ar Agege, Idi-Araba da Obalende, barkanmu da war haka. Yau batunmu shi ne kuɗin da ake zubawa a sababbin kamfanonin fasaha, irin waɗanda suka cika unguwar Yaba a Legas, da yadda hannun gwamnati ke shiga ciki.

Kun san yadda Alhaji a kasuwar Mile 12 zai ba yaronsa jari ya sauko da albasa daga Arewa, a raba riba, shi kuwa bai taka ƙafa gona ba? To, haka asusun jarin kasada yake. Masu kuɗi su tara, manaja ya zaɓi kamfanonin da za a saka wa. Galibi asusun kan yi shekara 10, manaja ya riƙa cire kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun duk shekara ladan aiki, sannan ya ɗauki kashi 20 na ribar.

Dokar haɗin gwiwar kasuwanci ta ce mai zuba kuɗi ba zai yi asarar fiye da abin da ya saka ba, amma da sharaɗi: kada ya tsoma baki a gudanarwa. In ya tsoma, bashin da aka ci a lokacin zai iya hawa kansa. Jihar Legas ta gyara dokar haɗin gwiwarta tun 2009, kafin dokar kamfanoni ta tarayya da Buhari ya sa wa hannu a 2020 ta kawo tsarin ga ƙasa baki ɗaya, rajista kuma a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar sababbin kamfanoni ta 2022 ta tanadi asusun da za a riƙa zuba wa aƙalla naira biliyan 10 a shekara, a hannun hukumar NSIA mai kula da asusun zuba jari na ƙasa. Akwai kuma shirin iDICE na tallafa wa kamfanonin fasaha da ƙirƙira, a hannun Bankin Masana'antu, mai fiye da dala miliyan 600. Gwamnati ta zama mai zuba kuɗi ke nan, alhali ita ce mai yin doka, ita ce kuma mai sa ido ta hannun hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Ko ba ta ce a ba wane kuɗi ba, sharuɗɗanta sun isa: wane fanni za a shiga, kashi nawa za a kashe a cikin gida, wa zai zauna a kwamitin ba da shawara. Manajan da ya san babban mai jarinsa shi ke riƙe da lasisinsa, da wuya ya ce a'a.

Ni dai ina goyon bayan gwamnati ta saka kuɗi, domin masu jarin waje ba safai suke leƙa matasanmu ba, kuma kamfanoni da yawa can Delaware ta Amurka suke rajista. Amma a rubuta sharuɗɗan a fili, kowa ya gani.

Ɗan'uwa mai neman jari, kafin ka sa hannu, tambayi manajan: su wa suka zuba kuɗi a asusun nan, kuma wace yarjejeniya ta daban aka ƙulla da su?