Amsoshin Tambayoyinku: Binciken Masana Kan Cunkoson Birane, Ina Yake Ƙarewa?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako yawancinsu a kan zirga-zirgar cikin birane suke, da kuma ko binciken da malaman jami'a ke yi yana da wani amfani ga wanda ke tsaye bakin titi yana jiran mota. Tare da ni akwai wani farfesa da ya daɗe yana koyar da tsarin sufuri. Ranka ya daɗe, barka da zuwa.

Farfesa: Barka kadai, Malama. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Lokaci ba ya jira. Wata ɗaliba ta ce, wai shin sufuri ma fanni ne da ake karantawa? Ƙwarai kuwa, 'yata, har digirin digirgir, kuma injiniyoyi da masana tattalin arziki da masu tsara birane duk suna ciki. Wani kuma yana tambaya ko BRT sunan kamfani ne. A'a, tsari ne na ware wa manyan bas-bas layinsu su kaɗai. Birnin Curitiba na Burazil ya fara shi a 1974, Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa shi a 2000.

To, ga wadda ta fi yawa. Mutane da dama suka aiko da ita, amma na zaɓi ta wani direban motar haya, don shi bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce: "Me ya sa ake ɓarnar kuɗi a bincike, alhali maganin cunkoso a fili yake? A faɗaɗa titi, a ƙara gadar sama, a huta." Malam direba, a sassauta mana, ga farfesa nan.

Farfesa: Ai ban ga laifinsa ba, wanda ya wuni a bayan sitiyari dole ya faɗi haka. Sai dai a duk fanninmu, da wuya a sami abin da aka fi tabbatarwa kamar wannan: a birnin da ke da cunkoso, in ka faɗaɗa titi, sauƙin na ɗan lokaci ne. Wani masanin tattalin arziki a Amurka, Anthony Downs, ya rubuta haka tun 1962. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai mutumin da ke sammako don ya kauce wa cunkoso. Akwai mai bin wata hanya ta zagaye. Akwai wanda ya ajiye motarsa yana hawan bas, akwai kuma wanda ya haƙura da fitar gaba ɗaya. Ranar da aka buɗe sabon titi, duk waɗannan sai su dawo kansa. Daga baya masu gina gidaje su ga hanya ta yi kyau, su yi gini can bayan gari, mazauna wurin kuma ba su da zaɓi sai mota.

Mai gabatarwa: Dakata, Farfesa, in maimaita saboda wanda ya kunna rediyonsa yanzu. Kana nufin sabon titin ne da kansa ke jawo sababbin motoci?

Farfesa: Haka nake nufi. A 2011 wasu masana biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka duba alƙaluman biranen Amurka na shekara da shekaru. Suka gano cewa in an ƙara manyan tituna da kashi 10 cikin 100, tuƙin da ake yi a kansu ma yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100. A Houston akwai babbar hanyar da ake kira Katy. An kashe sama da dala biliyan 2 wajen faɗaɗa ta, aka gama a 2008, a wasu wurare layukanta sun haura 20. Cikin 'yan shekaru lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa.

Mai gabatarwa: An gudu ba a tsira ba ke nan.

Farfesa: Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. Wani masanin lissafi Bajamushe, Dietrich Braess, ya nuna a 1968 cewa ƙara sabuwar hanya na iya sa tafiyar kowa ta ƙara tsawo, domin kowane direba zai zaɓi abin da ya fi masa, sai duk su cushe wuri guda. Sannan a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, a 2003 aka rushe wata doguwar gadar sama da ta ratsa tsakiyar gari, aka maido da rafin da aka binne a ƙarƙashinta. An yi ta fargabar gari zai tsaya cik. Bai tsaya ba. Amma a lura, a daidai wannan lokacin sun gyara tsarin bas ɗinsu, ba rushewa kawai suka yi suka tafi ba.

Mai gabatarwa: To Malam direba, ka ji. Ba a ce kada a gina titi ko kaɗan ba, ko Farfesa?

Farfesa: A'a. Unguwar da ba ta da hanya tana buƙatar hanya. Maganata a kan wanda ya ce zai kashe cunkoso da kwalta ne.

Mai gabatarwa: Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an san wannan fiye da shekara 60, amma har gobe ana yi. A ganina dalilin bai wuce cewa gada ana ganinta, ana yanka mata kirtani a ɗauki hoto, shi kuwa gyaran jadawalin bas ba wanda ke ɗaukarsa hoto. Wannan ra'ayina ne. Amma Farfesa, ku ma ba ku kuɓuta ba. Wani malamin makaranta ya rubuto cewa ku don ƙarin girma kuke rubutu, a mujallun da ba mai karantawa sai ku. Ya ce, da me ake auna tasirin bincikenku?

Farfesa: Wannan ya tuna mini da William Vickrey, masanin tattalin arziki na Jami'ar Columbia da ke Amurka. Tun a shekarun 1950 yake cewa titi a lokacin cunkoso abu ne mai ƙaranci, don haka wanda zai shiga tsakiyar gari da motarsa a wannan lokaci ya biya wani abu. A 1959 har gaban 'yan majalisar Amurka ya kai shawarar, da bayanin na'urar da za a maƙala wa mota. Ba a ɗauka ba. Singafo ce ta fara aiwatarwa a 1975. Landan ta bi a 2003, fam 5 a rana a farko. Shi Vickrey an ba shi kyautar Nobel a 1996, ya rasu kwana 3 bayan sanarwar. New York, garin da ya yi koyarwarsa, sai a Janairun 2025 ta fara karɓar kuɗin. Na Stockholm a Suwidin ya fi burge ni, don su gwaji suka yi a 2006, na wata 7...

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, an tambaye ka ma'auni, ka kai mu Suwidin.

Farfesa: Ina zuwa, Malama. Kafin gwajin jama'a ba sa so. Aka gwada, motocin da ke shiga tsakiyar gari suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, masu bincike suna aunawa suna sanar da jama'a. Aka yi ƙuri'ar raba gardama, mazauna birnin suka amince, a 2007 ya zauna daram. To ga amsar. Jami'o'i sun fi ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci takardarka, kuma mai tambaya ya yi gaskiya, wannan ƙirga ba ta rage wa kowa minti ɗaya a hanya. Tasirin da ya isa titi yakan ɗauki shekara 20, 30, ko fiye, lokacin wanda ya yi aikin ya tsufa ko ya rasu. Shi ya sa a Birtaniya, tun 2014, ake sa jami'o'i su kawo hujjar abin da bincikensu ya sauya a wajen makaranta, kuma hakan na shafar kuɗin da ake ba su.

Mai gabatarwa: Wato a taƙaice, yana isa, amma da jinkiri, kuma sai an sami hukumar da za ta gwada.

Farfesa: Da kuma mai binciken da zai fito daga ofis. A Nairobi, ɗaliban jami'ar birnin tare da abokan aiki daga jami'o'in MIT da Columbia na Amurka suka riƙa hawa motocin hayar da ake kira matatu, da wayoyi a hannu suna ɗaukar hanyoyinsu da tashoshinsu. A 2014 suka fitar da taswirar hanyoyin duka, abin da hukuma ba ta da shi, daga baya kuma bayanan suka shiga Google Maps. Ba gada, ba kwalta.

Mai gabatarwa: Ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai, kun dai ji. Wata uwa tana tambaya: rage gudun mota a cikin unguwa yana ceton rai da gaske, ko neman tara ne kawai?

Farfesa: Yana ceto, Hajiya. Wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa galibi yana rayuwa, daga 50 zuwa sama kuwa haɗarin mutuwa yana ninkuwa. A kan irin wannan bincike majalisar Suwidin ta amince a 1997 cewa a tsara titi yadda kuskuren ɗan Adam ba zai zama ajalinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara.

Mai gabatarwa: Inna lillahi. Direbobi, don Allah a ɗaga ƙafa kusa da makarantu. Wani ya tambaya ko motoci masu lantarki za su kawar da cunkoso. Farfesa, kalma ɗaya, ana ɗaga mini hannu.

Farfesa: Hayaƙi za su rage. Girman mota bai canja ba, wurin da take ci a titi ma haka.

Mai gabatarwa: Mun gode, Farfesa, Allah ya ƙara basira. Masu tambaya kan kuɗin fakin da kan layin kekuna, ku yi haƙuri, saƙonninku na nan a ajiye, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.