Darasi: Haɗa fedar fuz ta jita da taransistan tsohuwar rediyo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kamar yadda kuke gani, yau kan teburin nan akwai tsohuwar rediyo mai batir, ga mita, ga ayan da dalma. Fedar fuz za mu haɗa, wato ɗan akwatin nan da mai jita yake takawa sautin ya yi kauri, ya yi gurnani, ya daɗe bai mutu ba.

Tsarin Fuzz Face za mu bi, wanda kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966, shi ne wanda Jimi Hendrix ya riƙa amfani da shi. Kayan cikinsa ba su da yawa: taransista biyu, rasista huɗu, kafasita uku, sai abin murɗawa biyu, ɗaya na fuz ɗaya na ƙara. Tunda kayan kaɗan ne, duk abin da ka sa sai kunne ya ji shi.

Na farko-farkon da taransistan jamaniyam aka yi su, wato wanda aka ƙera da sinadarin jamaniyam, irin su NKT275. Yanzu wannan lamba ta yi tsada, kuma jabu ya yi yawa. Mu nan Kano ba sai mun bi ta ba. Ku leƙa wajen tsofaffin masu gyaran rediyo a Sabon Gari, ko wajen 'yan gwangwan, ku nemi rediyon Japan ta shekarun 1960. A ciki za ku ga 'yan gwangwanaye masu ƙafa uku, su ne taransistocin, an rubuta 2SB54 ko 2SB56 na Toshiba, ko 2SB175 a cikin National. A Philips kuma ana samun AC128. Amma rediyo mai batir kawai na ce. Kada ku sa hannu cikin tsohuwar talabijin, tana riƙe wuta ko da an cire ta daga soket.

To, ga inda nake so ku natsu. Jamaniyam yana yoyon wuta, wato ko ba a ba shi komai a ƙafar bes ba, ƙafar da sigina ke shiga ta cikinta, wata 'yar wuta tana silalewa ta cikinsa. Kuma zafi yana ƙara wannan yoyon, kusan ninki biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri goma. Bari ku gani da idonku. Ga batir mai bolt 9, ga mita na sa ta a mikro'am, wato ma'aunin 'yar ƙaramar wuta, na bar ƙafar bes ba a haɗe ba. Kun ga lambar ta tsaya? Yanzu zan kama kan taransistan da yatsu biyu. Ku duba, tana hawa, tana hawa. Ɗumin jikina kaɗai ke nan. To ina ga watan Afirilu, lokacin da garin nan yake kai digiri 40, feda tana ajiye kan siminti a filin biki?

Saboda haka kada ku zaɓi taransista don sunansa. Ku auna shi, kuma da rana tsaka, ba da asuba ba. Idan kun taɓa shi ku ba shi 'yan mintuna ya huce kafin ku karanta. Masu wannan sana'a sukan ajiye duk wanda yoyonsa ya haura mikro'am 300. Ni a yanayinmu na fi son wanda yake ƙasa da haka sosai. Wajen ƙarfi kuma, abin da mita take kira hFE, ana son na farko wajen 70, na biyu wajen 120. Ku sani ɗan ramin gwaji na ƙaramar mita yana haɗa yoyon cikin lissafi, sai ta nuna muku ƙarfin da babu shi.

Yanzu haɗawa. Rasista 33k a kan kolekta, wato ƙafar da sigina ke fita, ta taransista na farko, 100k tana komawa bes ɗinsa, 470 a sama wajen wuta. A gurbin 8.2k kuwa, wadda take kan kolekta na biyu, ni ba na sa tsayayyiya. Ina sa 'yar ƙarama mai murɗawa ta 10k, don da ita za a riƙa gyara saiti. Ku ɗora mita kan kolektan, ku murɗa a hankali har ta nuna kusan bolt 4.5. Saitin da kuka yi da hunturu ba zai kai ku bazara ba. Da kun ji sauti yana yankewa ko yana tari, ku buɗe ku sake murɗawa, ba lalacewa ta yi ba.

Lokacin liƙi ku kama ƙafar taransistan da filaya tsakanin dalma da jikinsa, don zafin ayan yana iya kashe shi. Kafasitoci biyu masu ruwa a ciki, 2.2 da 22 mikrofarad, ku sayi sababbi. Na cikin rediyon sun bushe tuntuni, babu wani daɗin sauti da ya rage a jikinsu.

Wani abu kuma, waɗannan taransistocin irin da ake kira PNP ne, don haka jan wayar batir ce take zuwa jikin akwati. Kada ku haɗa ta a adafta ɗaya da sauran fedojinku, wuta za ta haɗu. Ku bar ta da batirinta, ba ta da ci, yana daɗewa. Kuma ita ce ta farko daga jita, kada wata feda ta shiga tsakaninsu.

To bismillah, bari mu ji. Ga ta na buɗe ƙarar jita duka. Kun ji kaurin? Yanzu ban taɓa fedar ba, maɓallin jikin jita kawai zan rage kaɗan. Kun ji ya washe, kowace tsirkiya tana fita da kanta. Idan taku ta yi haka, taransistocin sun dace da juna. Idan ta ƙi, ku fara sauya na farkon da wanda yoyonsa ya fi ƙanƙanta, sannan ku sake auna bolt ɗin.

A darasi na gaba za mu huda akwati mu sa makunnin ƙafa. Sai an jima.