Lacca: Me Ya Sa Mai Digirin Kwamfuta Ke Kasa Rubuta Manhaja?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena malamai, abokan aiki, da ku ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: yaya aka yi yaro zai shekara huɗu yana karatun kimiyyar kwamfuta, ya fito da sakamako mai kyau, amma in aka zaunar da shi gaban na'ura aka ce ya rubuta 'yar manhajar da za ta lissafa cinikin shago, sai gumi ya karyo masa?

Wani zai ce yajin aiki. Gaskiya ne, na ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Wani ya ce rashin wuta da ƙarancin kwamfutoci, shi ma bai yi ƙarya ba. Amma ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi muku jarrabawa.

A sassa da yawa, jarrabawar furogiramin, wato rubuta manhaja, a takarda ake yin ta. Ɗalibi ya rubuta yaren kwamfuta irin su Java ko C++ da biro, malami ya duba da jan biro. To jama'a, takarda ba ta ƙin karɓar kuskure. Ka manta da alamar baka ɗaya, ka kira abin da ba ka ayyana ba, malami ya tausaya ya ba ka bakwai cikin goma. Kwamfuta ba ta san bakwai cikin goma ba. Ko abin ya tashi, ko ya ƙi. Kuma a wurin ƙin nan ake koyon sana'ar: ka karanta saƙon kuskuren, ka bi layi-layi, ka gyara nan, can ya ɓalle, ka sake komawa. Yaron gareji ma sai injin ya sha ƙin tashi a hannunsa kafin a kira shi bakanike. Mu kuwa muna yaye ɗalibin da na'ura ba ta taɓa musa masa ba. Kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ke kawo maki shi zai bi, in hadda ce ke kawowa, hadda zai yi.

Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta kafa a 1973, don toshe wannan giɓin aka yi shi. Sai ka ga an tura ɗalibinmu ofis ya ƙare watanninsa yana buga wasiƙu da fotokwafi, a sa masa hannu a littafi ya dawo. Furojet ɗin shekarar ƙarshe kuma, kowa a ɗakin nan ya san ana sayensa. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin karatu na CCMAS, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Roƙona ga sassanmu shi ne a yi amfani da damar nan: kowane kwas na furogiramin a yi jarrabawarsa a gaban kwamfuta, ko da rukuni-rukuni ne saboda ƙarancin na'urori. A sa ɗalibi ya riƙa ajiye aikinsa a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu, tun aji ɗaya, don a ga yadda ya girma mako-mako. Ranar kare furojet kuma, a ce masa ya buɗe manhajarsa ya canza wani abu a ciki, nan take, muna kallo.

Nan zan dakata, shugaba, a ba masu tambaya dama.