Darasi: Abin da Warin Kunnen Kare Yake Faɗa Maka

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Samaru ta Zariya muke magana, kuma yau kunnen kare za mu duba. Na san wani zai ce, kare kuma? To malam, mai gadin gidanka ne, ko abokin farautarka, ko mai bin garkenka, kuma tun da ka ajiye shi haƙƙinsa yana wuyanka. Ba zai buɗe baki ya ce kunnensa na ciwo ba. Warin nan da kake ji, shi ne kokensa.

Ga Duna nan, daga wajen Shika aka kawo shi. Kai yaro, matso da shi nan, riƙe masa wuya a hankali. Yauwa.

Ku fara fahimtar yadda Allah ya halicci kunnen. Ramin kunnen mutum kusan a miƙe yake. Na kare kuwa sai ya gangara ƙasa tukuna, sannan ya karya kwana ya nufi ciki, kamar gwiwar hannu. A ƙarshen kwanar dodon kunne yake. Duk abin da ya faɗa ciki, ruwa ko ƙura ko ƙwaro, can yake kwanciya. Ga ɗumi, ga danshi, ga duhu. Idan kuma irin karnukan waje ne masu kunne a kife, iska ma ba ta shiga.

Wari iri-iri ne. Akwai mai tsami, kamar ƙullun da ya kwana biyu, da datti ruwan ƙasa mai maiƙo. Wannan galibi yis ne, wanda dama yana zaune a fatar kare lafiyayye, sai danshi ya ba shi dama ya yi yawa. Akwai ɗoyi mai tayar da zuciya, da mugunya ruwan ɗorawa ko mai ratsin kore. Wannan ƙwayoyin bakteriya ne, kuma yana da zafi sosai. Sai kuma baƙin datti busasshe kamar garin gawayi, kare yana susa kamar zai cire kunnen. A nan muna zargin wasu ƙananan ƙwari da ido da ƙyar yake ganinsu. Sun fi kama kwikwiyo, kuma suna tsallakawa tsakanin kare da kyanwa, shi ya sa idan su ne, duk dabbobin gidan ake yi wa magani tare.

Amma ku ji ni da kyau, hanci ba ya yanke hukunci. Sau da yawa yis da bakteriya suna tare a kunne ɗaya.

Mu nan Zariya, kowane lokaci da abin da yake kawowa. Da damina ga danshi, ga kaska tana maƙalewa a lungun kunne. Da kaka ciyawa ta bushe, 'yan farauta ku kula: kare ya dawo daga daji yana kaɗa kai farat ɗaya, kunne guda kawai, to ƙila ƙarangiya ce ko tsinken ciyawa ya shige. Hunturu kuma ƙura. Sannan ƙuda masu cizo da ke cin bakin kunne har ya yi jini, wanda idan aka ƙyale shi yana iya yin tsutsa. Idan kuwa an yi magani ciwon yana ta dawowa, kare yana lasar ƙafafunsa yana susar ciki, to akwai abin da jikinsa bai karɓa ba, a abinci ko a muhalli. Sai an gano shi kunnen zai zauna lafiya.

Yanzu abin da ya fi damuna. Don girman Allah, kada ku zuba kalanzir a kunnen kare. Kada ku zuba baƙin mai, kada ku zuba fiya-fiya. Na taɓa ganin karen da mai shi ya ɗiga wa maganin ƙwari don kashe kaska, aka kawo shi yana karkarwa, yawu na dalala. Mutumin ba mugu ba ne, taimako ya yi niyya, amma guba ya ba shi. Haka allurar tsutsa ta shanu, kada ka kintata ka yi wa kare, akwai karnukan da take kashewa. Ko maganin ɗigawa na mutane, wani idan dodon kunne ya fashe yana iya kurmantar da kare. Kai kuma daga waje ba za ka san ya fashe ba. Likita ne yake leƙawa da fitilar duba kunne, ya ɗebi dattin ya sa a madubin da ke ƙara girman abu, sannan ya san wane magani ya dace. Mu da muke da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gida, ba mu da dalilin yin lalube.

Bari ku ga yadda ake wanke kunne idan likita ya ce a wanke. Na sa safar hannu. Idan karenka mai faɗa ne, sa masa takunkumi, domin zafi yana sa kare ya ciji ubangidansa. Na ɗaga kunnen sama. Ga ruwan wanke kunne na dabbobi, ina zubawa har ramin ya cika, bakin kwalbar bai taɓa fata ba. Sai in murza gindin kunnen, nan ƙasa, kamar daƙiƙa 30. Kuna jin wannan cakal-cakal ɗin? Dattin ne yake narkewa. Sake masa kai, yaro, bar shi ya kaɗa. Madalla. Kaɗawar nan ita ke fito da abin da ke can cikin kwana. Sai in ɗauki auduga in goge iya inda yatsana ya kai. Tsinken goge kunne kuwa, ku ajiye shi, tura datti ciki kawai yake yi.

Maganin ɗigawa yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14, wani lokaci fiye. Bayan kwana uku wari zai ragu, a nan mutane suke dainawa. Kada ka daina. Cika kwanakin, ka koma a sake dubawa.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Kare ya karkatar da kai gefe guda ya kasa miƙe shi, yana tangaɗi, yana zagaya wuri ɗaya, ko idonsa na rawa, to ciwon ya wuce ciki. Ko ka ga fatar kunnen ta kumbura kamar an hura ta: jini ne ya taru saboda yawan kaɗa kai. Kada ka sa reza, aikin likita ne.

Rigakafin ba shi da tsada. Sau ɗaya a mako, ɗaga kunnen ka duba, ka shinshina. Lafiyayye a tsabtace yake, babu ja, babu wari, kuma irin wannan ba a wanke shi kullum, yawan wanki ma yana jawo ciwo. Wajen wanka kada ka kwarara masa ruwa a ka, in ka gama ka tsane kunnen da tawul. Ya dawo daga daji, cire kaska da ƙaya tun kafin dare. Kada a ɗaure shi kusa da kwata ko juji. Kuma idan ka je asibitin, tambayi allurar haukan kare, ta kowace shekara ce.

Shi Duna yis muka gani a nasa, dodon kunnensa lafiya lau. Malam, ga maganin, safe da yamma. Ranar Litinin ta sama ka dawo mana da shi.